FILIN ILMI DA SANA'A: Jak a Gindin Itace

 A wannan wata kurmi za mu shiga, mu duba wani ƙarfe da kowa ya saba gani a ƙarƙashin mota idan taya ta yi faci, amma ba kowa ya san ana kai shi gindin itace ba, wato jak. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, da yawa daga cikin samarinmu na zangunan da ke yankin kurmi, tun daga Kumasi da Sunyani har Oda da ƙasar Sefwi, a jikin katako suke cin abinci. Wani yana riƙe da injin zarto, wanda aka fi sani da Dolmar, wani yana dakon katako daga daji zuwa bakin hanya, wani yana jan motar gungume, wani kuma ubansa ne ke da rumfa a Sokoban ko a kasuwar katako ta Ankara. Sana'a ce mai kawo kuɗi, kuma sana'a ce mai cin rai. Yanzu da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, samari suna kallon Turawa a bidiyo suna kayar da ƙaton itace da jak, sai sha'awar gwadawa ta kama su. To, gara a san abin tun daga tushensa kafin a je gareji aron jak.

Kowane itace da ke tsaye yana da wajen da ya rinjaya, ko don gangaren ƙasa, ko don rassansa sun fi yawa a gefe ɗaya, ko don iska ta daɗe tana tura shi. Idan aka yanke shi aka bar shi da son ransa, can zai faɗi. Sau da yawa kuwa can ɗin ne ba a so, domin can gonar koko take, ko rafi, ko wayar lantarki, ko rufin makaranta. Ƙaramin itace ana tura shi da hannu ko a ja shi da igiya. Matsakaici ana sa masa weji a cikin yankan baya, a riƙa dukan wejin da guduma yana ɗaga itacen kaɗan-kaɗan. Amma itacen da ya kai mita 40, wanda mutum uku ba za su iya zagaye gindinsa da hannuwansu ba, idan ya rinjaya baya sosai, weji sai dai ya lotse ko ya yi tsalle ya fito. A nan ne ake neman jak.

INDA DABARAR TA KAFU

Wannan dabara ta fi kafuwa ne a gaɓar yamma ta Amurka, wato jihohin Kalifoniya da Oregon da Washington, da kuma lardin British Columbia na ƙasar Kanada. A arewacin Kalifoniya ake samun itacen da suke kira redwood, wanda babu mai tsawonsa a duniya. A shekarar 2006 an auna wani guda ɗaya aka tarar ya haura mita 115, kuma akwai waɗanda suka wuce shekara 2,000 a tsaye. Sai dai katakon redwood yana da gautsi. Itacen da ya yi ɗaruruwan shekaru yana girma, idan ya faɗa kan kututture ko dutse, ko ya bi gangare da ka, sai ya farfashe, a yi asarar babban rabo na katakon cikin ƙiftawar ido. Saboda haka masu saran can suka riƙa yi wa itace shimfiɗa kafin su taɓa shi, su baje ƙasa su tara rassa, don ya kwanta a wuri mai laushi. Suka kuma lura cewa a kan tudu, itacen da aka kwantar yana fuskantar sama ya fi tsira daga karyewa, domin tafiyar da zai yi kafin ya taɓa ƙasa ba ta da nisa. Amma itatuwan gangare galibi ƙasa suke rinjaya. Ke nan dole a sami abin da zai tilasta musu faɗawa inda ba sa so.

Da fari wejin ƙarfe suka yi amfani da shi, da jak mai zare wanda ake murɗawa da sanda, da kuma igiyar ƙarfe da ake ɗaurawa can sama a ja da tarakta. A rabi na biyu na ƙarni na 20 sai jak mai aiki da mai ya karɓe fagen. Wani kamfani mai suna Silvey a jihar Oregon ya yi fice wajen ƙera irinsa musamman domin masu saran itace. Akwai ƙanana masu ɗaga tan 20 zuwa 40 waɗanda mutum ɗaya ke goyawa, akwai kuma waɗanda ake haɗa biyu a kan famfo ɗaya su ɗaga fiye da tan 100.

YADDA MAI KE ƊAGA TAN TALATIN

Waɗanda suka zauna a ajin kimiyya za su tuna da sunan Blaise Pascal, Bafaranshen nan da ya rayu daga 1623 zuwa 1662. Shi ya bayyana cewa idan aka rufe ruwa a cikin mazubi aka matsa shi ta gefe ɗaya, matsin yana isa ko'ina a cikin mazubin daidai wa daida. A 1795 wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, ya mai da wannan ilmi injin matse kaya, sannan a 1851 Richard Dudgeon ya fito da jak mai aiki da wannan ƙa'ida a birnin New York. Jak ɗin da ke ƙarƙashin motar gungume a yau jikan wancan ne.

Bari mu yi lissafin tare, don ba shi da wuya. A cikin jak akwai fistin biyu, ƙarami da babba, kuma mai ne ya haɗa su. A ce faɗin fuskar ƙaramin murabba'in santimita 1 ne, na babban kuma 50. A ce mutum ya danna sandar famfo da ƙarfin kilo 30, tsawon sandar kuma ya ninka wannan ƙarfi sau 20. To kilo 600 ne suka sauka a kan ƙaramin fistin. Da yake babban ya ninka shi sau 50, abin da zai tura sama shi ne kilo 30,000, wato tan 30. Amma fa ba kyauta aka samu ba. Kafin babban fistin ya tashi santimita 1, sai hannun mai famfo ya yi tafiyar mita 10 yana danna sandar ƙasa, ban da dawowarta sama. Ƙarfin da aka samu, da yawan bugu da haƙuri aka biya shi. Wannan jinkiri kuwa alheri ne ga mai saran itace, domin yana ba shi damar ya buga, ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya sake bugawa.

Wani zai ce, ɗagawar santimita 5 me za ta yi wa itace mai mita 40? Ga amsa. Idan tsakanin jak da wurin da itacen zai lanƙwasa mita 1 ne, to duk santimita 1 da jak ya ɗaga a gindi, kan itacen zai matsa santimita 40 a sama. Ɗagawar santimita 5 ta zama mita 2 ke nan. Sau da yawa wannan ya isa ya tsallakar da nauyin itacen daga baya zuwa gaba, daga nan kuma nauyinsa ne zai ƙarasa aikin.

YADDA AKE YANKAN

Jak ba ya zaɓa wa itace hanya, turawa kawai ya sani. Mai zaɓen hanya shi ne yanka. Da farko ana buɗe wa itacen baki a gefen da ake so ya faɗi, a cire ɓangare kamar an yanka kankana, zurfinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na kaurin gindin. Sannan a koma baya a fara yanka a kwance, ana nufar wancan baki. Amma ba a bari yankan biyu su haɗu. Ana barin wani tsiri na itace a tsakani, mai kaurin kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurin gindin, wanda za mu kira mariƙi. Aikinsa irin na ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren ƙofa ne, yana barin itacen ya tafi gaba, yana hana shi zuwa dama ko hagu. Ran mai sara yana rataye ne a jikin wannan tsiri. Wanda ya cinye mariƙi da zarto ya saki itacen, kuma daga wannan lokaci babu jak a duniya da zai iya faɗa masa inda zai kwanta.

Wurin zaman jak a baya ake sassaƙa shi, kamar ɗan taga mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da sama, a daidai kishiyar inda ake so itacen ya nufa. A sa jak a ciki da faranti na ƙarfe mai kauri, don kada kansa ya nutse cikin itacen. A buga famfo har jak ya kama nauyi, sannan a ci gaba da yankan baya, ana yanka kaɗan ana ɗagawa kaɗan. A gefen jak kuma ana bin ɗagawar da weji, duk lokacin da tsagar ta buɗe a ƙara tura shi ciki, ta yadda ko jak ya saki, itacen zai zauna a kan weji maimakon ya dawo kan mutane. Kafin a ta da inji ma, an riga an share hanyar gudu, wadda ke bi ta baya a karkace, ba ta saitin bayan itacen ba, domin gindi yakan yi harbi ta nan. Dokar aikin daji ta Amurka ta ce kada wani ma'aikaci ya kusanci mai sara da abin da ya gaza tsawon itacen sau biyu. Ga itace mai mita 40, mita 80 ke nan, kusan tsawon filin ƙwallo. Duk da wannan tsari da kayan aiki, ƙididdigar gwamnatinsu ta sha nuna cewa saran itace yana sahun gaba cikin sana'o'in da suka fi kashe ma'aikata a ƙasar.

INDA ƘARFIN JAK YA TSAYA

Akwai wani lissafi da ba a gani a bidiyo, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. A ce itace yana da nauyin tan 20, kuma rinjayensa ya sa tsakiyar nauyin ta koma mita 1 bayan mariƙi, daidai kan jak. Jak zai ɗauki tan 20. Amma idan rinjayen ya yi yawa har tsakiyar nauyin ta koma mita 2 baya, alhali jak yana nan a mita 1, to tan 40 zai ɗauka. Bugu da ƙari, a wannan hali itacen ya zama kamar lilon yara da ke kan turke, jak ne turken, kuma ana fizgar mariƙi sama da ƙarfin tan 20. Idan itacen mai gautsi ne ko cikinsa ya ruɓe, mariƙin zai tsinke, itacen ya kifa baya ta kan jak ɗin da masu aikin. Ƙara girman jak ba ya maganin wannan, sai ma ya gaggauta tsinkewar. Irin wannan itace igiyar ƙarfe yake bukata, a ɗaura ta can sama a ja da inji daga nesa, ko a sami gwanin hawa ya sauke shi reshe-reshe, ko kuwa a ƙyale shi. Iska ma tana cikin lissafin, domin itace mai ganye kamar tanti yake, iska kaɗan tana ƙara masa nauyi mai yawa a kan jak.

Wannan ne ya sa jak ɗin saran itace yake da agogo mai nuna matsin mai. Idan mai famfo ya ga allura tana hawa alhali itacen bai motsa ba, ya san akwai abin da ke riƙe da shi. Idan ya ga tana lilo, iska ce ta taso. Idan ta fara sauka da kanta, itacen ya kama hanya, lokacin barin wurin ya yi. Kansa kuma ba a kafe yake ba, yana karkata yana bin itacen yayin da tsagar ke buɗewa. Manyan cikinsu suna da dogon tiyo, don mai famfo ya tsaya nesa da gindi inda zai iya ganin sama.

To yanzu a kwatanta da jak ɗin babbar mota. Kansa ƙarami ne, an yi shi domin ya zauna a ƙarƙashin ƙarfe, a jikin itace kuwa sai ya nutse ko ya tsaga shi. Kan a kafe yake, saboda haka da itacen ya fara karkata sai nauyin ya koma gefe ɗaya, jak ɗin ya yi tsalle ya fito kamar an harba shi. Ba shi da agogo, don haka mai bugawa bai san ko tan 10 yake ɗauke da shi ko 30 ba. Sandarsa gajeriya ce, dole mutum ya durƙusa a gindin itacen kansa a sunkuye, a daidai lokacin da ya kamata idonsa ya kasance a sama. Idan kuma tsohon jak ne mai yoyon mai, yana iya saki a kowane lokaci. Araha dai ba ta ado.

Turawa da kansu ba su tsaya nan ba. Bayan farin da aka yi a Jamus daga 2018 zuwa 2020, wanda ya busar da itatuwa masu ɗimbin yawa, an ga cewa dukan weji da guduma yana girgiza busasshen itace, matattun rassa su karyo kan mai dukan. Sai aka ƙara karkata ga weji mai aiki da mai ko batir, har da wanda ake sarrafawa daga nesa da ɗan akwati a hannu. Duk gyaran da aka yi wa wannan kayan aiki, manufarsa ita ce a nisanta mutum da gindin itace.

NAMU KURMIN

Itatuwan kurmin Gana suna da nasu hali, wanda bidiyon Oregon ba zai koya wa kowa ba. Wawa da rimi, wanda Asantawa ke kira onyina, suna da manyan saiwoyi masu kama da bango da ke tasowa daga ƙasa, kuma dole a san yadda za a yi da su kafin a sami wurin buɗe baki da wurin zaman jak. Katakon rimi yana da laushi ƙwarai, ƙaramin kan jak zai shige shi kamar an soka yatsa a tuwo. Manyan itatuwa da yawa cikinsu kogo ne, kuma itacen da ba shi da ciki ba shi da mariƙin kirki. Sannan ga igiyoyin daji da ke ɗaure kan wannan itace da na maƙwabcinsa, ta yadda ɗaya zai jawo ɗaya, ko ya tsaya a rataye. Shi ya sa a aikin katako mai tsari ake yanke waɗannan igiyoyi tun watanni kafin ranar sara, a bar su su bushe.

Duk da haka ilmin kayar da itace inda ake so yana da babban amfani a nan. Itacen da ya kwanta daidai ba ya farfashewa, ba ya murƙushe ƙananan itatuwan da za su gaje shi, ba ya kuma share wa manomi layin koko, wanda shi ne tushen rigima mai yawa tsakanin manoma da masu katako. Akwai kuma tsofaffin itatuwa a harabar makarantu da masallatai da kasuwanni da bakin hanya, waɗanda wata rana dole a sauke su. Ba mu manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da wani babban itace ya faɗo ana iska da ruwa a wurin shaƙatawa na Kintampo, ya kashe mutum kusan 20, mafi yawansu ɗalibai. Duba lafiyar irin waɗannan itatuwa kafin damina, da kiran ƙwararru idan an ga alamar ruɓa, nauyi ne a kan hukumomin makarantu da kwamitocin masallatai.

Sai maganar doka, wadda bai kamata mu ɓoye wa juna ba. A ƙasar nan itacen katako da ya tsiro da kansa yana hannun hukuma ne, ko da a gonarka yake, kuma ba a sare shi sai da izini. Tun 1998 doka ta hana tsaga katako da injin zarto domin sayarwa. Hukumar Gandun Daji, wadda aka kafa a 1999, ita ke kula da wannan, kuma tana da cibiyar horaswa a Akyawkrom kusa da Ejisu. Wanda ke aiki a ɓoye da dare, kunnensa yana sauraron motar ma'aikatan daji, ba shi da lokacin share hanyar gudu ko auna mariƙi, kuma gaggawa ita ce babbar abokiyar hatsari a wannan sana'a. Mu kuma tuna cewa kyawun kayan aiki ba ya tsare daji. A can Kalifoniya, da duk gwanintarsu, abin da ya rage na tsofaffin itatuwan redwood bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, kuma doka ce ta tsirar da mafi yawansa, kamar gandun ƙasa da aka keɓe musu a 1968.

Kiranmu na farko ga masu gida ne, waɗanda ke sayen inji su damƙa wa yaro. Wanda ya iya sayen inji zai iya sayen hular kwano da takalmi da weji, zai kuma iya haƙuri yaron ya yi shekara yana bin gwani kafin ya riƙe inji shi kaɗai. Kira na biyu ga sarakunan zango da limamai, su riƙa sa wannan magana cikin nasiharsu, su kuma nemi ma'aikatan gandun daji na gundumarsu su zo su zauna da samari. Na uku ga iyayen da ke cire yaro daga makaranta da hujjar cewa aikin daji ƙarfi kawai yake bukata. Duk lissafin da muka yi a sama bai wuce na ƙaramar sakandare ba, ninkawa ne da rabawa, amma yaron da ya iya shi zai dubi itace ya ce wannan ya fi ƙarfin kayan da muka zo da su, mu koma gida.

Muna maraba da wasiƙun waɗanda suka daɗe a wannan sana'a, musamman kan yadda suke yi da saiwoyin wawa da rimi, domin matasa su ƙaru da su. Allah ya tsare masu nema a daji da gari, ya mai da kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalam.